Haƙurin Damo Ba Yarda Ba Ne

Makonni uku da suka wuce na biya gidan yayata a cikin birnin Katsina, can wajen Ƙofar Marusa, bayan an sauko Juma'a. Ina shiga zaure sai na tarar da yara sun yi cincirindo a kan wani keji, irin wanda ake saka kanari. Na ɗauka tsuntsu ne. Da na leƙa sai na ga ɗan damo, tsawonsa har wutsiya bai wuce tafin hannuna ba, ya lafe a kusurwa, ido a lumshe. An jefa masa ganyen latas da guntun burodi, an zuba masa ruwa a murfin kwalba. Zauren nan kuwa rana ba ta leƙa shi ko da tsakar rana ne.

Mai abin ɗan yayar tawa ne, saurayi ɗan aji biyar a sakandare, yaro mai hankali wanda ban taɓa ganin ya jefi ko kare ba. Ya zura hannu ya ɗauko shi ya ɗora a kafaɗa.

"Kawu, ka ga yadda ya saba da ni? Ko motsi ba ya yi."

Na ce, "Me yake ci?"

Ya ɗan yi shiru. "Tun da na saye shi dai bai ci komai ba, yau kwana shida. Amma an ce suna jure yunwa."

Sai ya ciro waya ya nuna mini bidiyo a TikTok. Ga wani Bature a Amurka, damo kwance a ƙirjinsa yana kallon talabijin. Ga wata ta ɗaura wa nata igiya tana yawo da shi a bakin titi kamar ɗan kwikwiyo. Ya ce abokansa biyu ma sun saya, a hannun wani yaro da ke kawo su daga ƙauye a cikin buhu.

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu. Ga inda na tsaya: kamo ɗan damo daga daji a kulle shi a keji don sha'awa zalunci ne, ko da mai yin bai yi niyyar zalunci ba. Ban ce babu mai iya kiwon damo ba. Ana iyawa, kuma zan faɗi abin da kiwon yake ci. Amma abin da wannan dabba take bukata ya fi ƙarfin ɗan makaranta da kejin kanari, ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Wanda ba zai iya ba, ya bar shi inda Allah Ya ajiye shi.

Kirarin da ke ruɗinmu

Tun muna yara muke jin "damo sarkin haƙuri". Kirarin ya zauna mana a ka har muka ɗauka duk damon da ya yi shiru lafiyarsa lau.

Duk wanda ya taɓa noma ya ci karo da damo a kunya ya san ba haka lafiyayyen damo yake ba. In ya ga mutum, rami yake nema. In ka rutsa shi sai ya kumbura jiki, ya buɗe baki yana huci, ya zabga maka wutsiya kamar bulala. In kuwa ya kama yatsa, ba ya saki da wuri. Wannan shi ne damon da ke da ƙarfi a jikinsa.

To wanda ya kwanta a kafaɗar yaro ko motsi ba ya yi fa? Ko dai jikinsa ya yi sanyi, ko yunwa da ƙishirwa sun cinye ƙarfinsa, ko kuma tsoro ya kai shi inda ya saki jiki ya yi laƙwas yana jiran abin da zai faru. Babu sabo a cikin ko ɗaya.

Abin da ya sa nake jin tausayinsa fiye da sauran dabbobin gida shi ne ba shi da murya. Akuya in ta ji yunwa sai ta hana unguwa barci. Kyanwa za ta bi ka har bakin ɗaki tana kuka. Kaza ma in ba ta da lafiya za ka ga ta saki fiffike, uwar gida ta nemo mata magani. Damo ba ya kuka, fuskarsa ba ta sauyawa, kuma irinsu ba sa mutuwa da sauri. Sai ya yi wata biyu, wata uku yana ƙarewa a hankali, gindin wutsiya na motsewa, ƙashin kwankwaso na fitowa, mai shi yana ta ɗaukarsa hoto yana cewa ya saba. Ranar da aka tarar da shi ya sandare sai a ce kwanansa ne ya ƙare.

Dalilin sanyin nan mai sauƙi ne. Jikin damo ba ya samar da ɗumi da kansa kamar namu ko na tunkiya. Daga rana yake aro. Da hantsi yakan fito ya baje a kan dutse ko busasshiyar ƙasa har jikinsa ya ɗau zafi, sannan ya iya farauta, sannan cikinsa ya iya narkar da abin da ya ci. Masu kiwonsa a ƙasashen sanyi suna auna wurin shan ɗuminsa da ma'auni, suna son saman dutsen ya kai digiri 50 ko ya wuce. Damon da aka ajiye a kan siminti a zaure mai duhu ba zai ci ba, in ma an ɗura masa, abincin zama zai yi a cikinsa.

"Ai dabbar ƙasarmu ce"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Damo ɗan nan ne. Ana samunsa a duk faɗin ƙasashen ciyayi na Afirka ta Yamma, tun daga Senegal, ya ratsa ta nan har Sudan. Ranar da Bature yake saye da kuɗi ta hanyar ƙwan lantarki, mu kyauta muke samunta a tsakar gida. Ban musa ba.

Amma ƙasar Katsina daban, zauren gidan Katsina daban. Damon da ke daji ba a fili yake wuni ba. Rayuwarsa rabi a sama ce, rabi a ƙarƙashin ƙasa. In rana ta yi masa yawa sai ya shige rami, ko tsohon suri, ko kogon itace, inda akwai sanyi da ɗan danshi. In ya huce sai ya fito. Shi yake zaɓa, sau da yawa a wuni ɗaya.

Ka tuna yadda watan Afrilu yake a garin nan, zafi ya haura digiri 40, kwanon ɗaki ya yi kamar tanda. Ka ajiye keji a rana a irin wannan lokaci, kafin la'asar ka dafa shi da ransa. Ka tuna kuma darare na hunturu a Disamba da Janairu, lokacin da mu kanmu muke kwana da rigar sanyi, iska ta busar da leɓe har ya tsage. A wannan lokaci damon daji yana can ƙasan rami, ya daina yawo, ya rage ci, yana rayuwa da kitsen da ya tara da damina. Ramin ne ke kare shi daga sanyi da bushewa. Keji na waya ba ya tare zafi, ba ya tare sanyi, ba ya riƙe danshi, kuma ba shi da wurin ɓuya. Dabbar da shaho da shirwa ke farautar 'ya'yanta daga sama, ka sa ta a inda hannuwa goma ke sauko mata daga sama kullum, ba ta da inda za ta sa kanta.

Sai maganar ci, wadda a nan ne mutane suka fi yin kuskure.

Damo ba ya cin ganye. Ba ya cin burodi, ba ya cin tuwo. Abincinsa ƙwari ne da makamantansu: gyare, fara, buzuzu, gwazarma, ƙadandoniya, kunama, dodon koɗi, wani lokaci kwaɗo ko ƙwai in ya samu. Wani mai bincike ɗan Ingila, Daniel Bennett, ya yi shekaru yana bin damo a gonakin Ghana, ya ga cewa ƙananansu manyan gyare suka fi ci, har ma a ramukan gyaren suke fakewa. Wannan harshe nasa mai baki biyu da yake zarowa kamar na maciji, da shi yake sansano abin da ke cikin ƙasa, ya tona ya ci. Tono da farauta su ne aikinsa na wuni.

Wanda ya gane ba ya cin ganye sai ya koma ɗaya gefen, ya dinga jefa masa ragowar tsire, da kayan cikin kaza, da dafaffen ƙwai kullum. Damo zai ci, don ba ya ƙin abinci in jikinsa da ɗumi. Sai ya yi ɓul-ɓul, ciki na jan ƙasa, mai shi yana murna wai kiwo ya karɓe shi. Alhali jikin da aka halitta don ya ci ƙwari da damina ya yi azumi da rani, an mai da shi mai cin maiƙo kullum ba tare da motsi ba. Kitse ya rufe hanta, ƙoda ta gaji. Wannan ita ce mutuwar da ta fi kashe damo a hannun masu kiwo a Turai da Amurka, su da kansu suke faɗa. Tsokar nama zalla kuma ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi. In aka haɗa da rashin hasken rana kai tsaye, sai ƙashin ɗan damo ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukarsa. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki, don gilashi yana tare ɓangaren hasken da ake bukata.

Wani zai ce ai fara ba ta yankewa a Katsina. Farar da ake sayarwa a bakin hanya an soya ta da mai da gishiri da yaji, ta mutane ce. Wadda za ka kamo a gonar wake kuwa, ka tabbata ba a yi feshi ba? Da damina dai yaro zai iya cika gwangwani da shinge da gyare a gindin fitila. To daga Nuwamba zuwa Mayu fa? A can waje gonaki ne na musamman ke kiwon gyare da kyankyaso, a aiko wa mutum cikin kwali har gida. A nan sai dai ka kiwata da kanka. Ina so in ga uwar da za ta yarda ɗanta ya ajiye bokitin kyankyaso a bayan ɗakinta, shekara da shekaru.

"Turawa ma suna yi"

Suna yi. Amma bidiyon daƙiƙa 30 ba ya nuna abin da ke bayansa.

Yawancin damon da ake sayarwa a shagunan dabbobi a Amurka da Turai daga maƙwabtanmu ake kwasarsu, Ghana da Togo da Benin. Ana tono matan damo masu ciki a ajiye su har su saki ƙwai, ko a tono ƙwan a daji, a ƙyanƙyashe, a zuba 'ya'yan a akwatuna a sa a jirgi, dubbai a kowace shekara. Saboda yawansu sai suka yi araha, saboda araha sai duk wanda ya ga dama ya saya, kuma da yawansu ba sa kai girma. Masu kiwon da suka san abin da suke yi a can sun daɗe suna kuka da wannan ciniki. Wato abin da yaranmu ke kwaikwaya, masu shi ma ba su gama wanke kansu daga gare shi ba.

Wanda ya riƙe damo da gaske a can, ɗaki guda yake ba shi. Ma'aunin da suka fi ambata shi ne akwati mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, a zuba ƙasa mai zurfin kusan ƙafa 2 don ya yi rami, a rataya fitilu masu zafi da masu hasken da ke maye gurbin rana, suna ci kusan awa 12 kullum. Da yawa ma sun bar damonmu sun koma wani ƙaramin irinsa na Ostareliya da suke kira aki, wanda bai cika wuce santimita 70 ba. Shi wannan a hannun masu kiwo ake haifarsa, don Ostareliya ta hana fitar da irin waɗannan dabbobi da rai don ciniki. Ko shi ɗin, da ƙanƙantarsa, sai an ba shi ƙasar tono da dutse mai zafi da ƙwari masu rai. Wanda zai dogara da fitila a garin nan, ya fara lissafin sau nawa ake ɗauke wuta a mako.

Akwai kuma wani haɗari da mai saye a buhu bai sani ba. Ɗan damo da ɗan guza suna kama a idon wanda bai saba ba, kuma ɗan guza ya fi kyau, baƙi ne da ɗigo-ɗigon rawaya, shi yaro zai fara nunawa. Damo in ya girma da wuya ya wuce mita ɗaya. Guza kuwa, wanda masunta ke gani a bakin ruwa irin su dam ɗin Ajiwa da na Zobe, yana kusantar mita 2, shi ne mafi tsawo a ƙadangarun Afirka. Yana iyo, yana hawa bishiya, yana cin kaji da ƙwai, kuma ba shi da haƙurin ɗan uwansa ko kaɗan. A jihar Florida ta Amurka, guzan da aka shigo da su don kiwo, waɗanda suka tsere ko masu su suka gaji suka saki, sun hayayyafa a magudanan ruwan garin Cape Coral tun wajen 1990, har yau hukuma na fama da su. Ka yi tunanin wannan dabba a tsakar gida mai kaji da tantabaru da yaro mai rarrafe.

"Gara keji da tukunyar mafarauci"

Wani abokina da na ba wannan labari cewa ya yi, "Malam, mu da muke cin damo, muke jeme fatar guza mu rufe ƙoƙon goge da ita, muke sayen man damo a wurin masu magani, yau kuma mu ne za mu yi wa yaro faɗa don ya sa shi a keji? Ai ceton ransa ya yi."

Na yarda hannunmu ba a wanke yake ba. Farauta da rani tsohuwar al'ada ce, kuma damo na cikin abin da karnuka ke tonowa. Amma mafarauci babba yake nema, mai nama da fata. Ɗan da bai kai tafin hannu ba, babu wanda ya taɓa kula shi, don ba shi da abin da za a ci. Yanzu ne aka yi masa kuɗi. Yaron nan mai buhu, da bai sayar da na farko ba, da bai koma ya tono na biyu ba. Kowace naira da aka miƙa masa aike ce zuwa ramin gaba. Wannan ba ceto ba ne, sabuwar kasuwa ce aka buɗe a kan shekarun da a da suke tsira.

Kuma dajin da suke fakewa ƙarewa yake yi. Wanda ya san hanyar Katsina zuwa Daura shekaru 30 baya ya san bishiyoyi da kurmin da ke gefen hanya, ya dubi abin da ya rage yau bayan gatari da gawayi da faɗaɗa gona. Dabbar da ke cinye wa manomi gyare da gwazarma da kunama ba tare da ya biya ta ba, ita muke kwashe 'ya'yanta muna kai su birni su mutu a kan siminti.

Ga kuma doka, ko da ba a cika jin ta ba. Duk dangin damo da guza suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta duniya a kan cinikin namun daji, wadda aka sa wa hannu a 1973, kuma Nijeriya na cikinta, ma'ana ba a tsallaka iyaka da su sai da izini. Mu ma mun kafa dokarmu a 1985 a kan cinikin namun dajin da ke cikin haɗari, wadda aka yi wa gyara a 2016. Jihar da ke da iyaka da Nijar ta Jibiya da Kongolam bai kamata ta ɗauki wannan da wasa ba.

Abin da addini ya ce

Ɗan yayata ya kawo mini hujjarsa, kuma hujja ce ta gaskiya. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana ba, har yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai suka fahimci halaccin ajiye dabba don sha'awa.

Na ce masa haka ne, amma ya haɗa da ɗaya hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ka lura da lafazin: ƙwarin ƙasa. Kamar da damo ake magana. Jefa latas ga dabbar da ba ta cin latas ba ciyarwa ba ce. Halaccin ajiyewa yana tafe da sharaɗin ba ta haƙƙinta, kuma ba za ka ba ta haƙƙin da ba ka san shi ba.

Bari in ɗan ratse a nan, don ina zaton daga nan latas ɗin ya samo asali. Dabbar da hadisi ya kira "dabbu", wadda Khalid ɗan Walid ya ci a gaban Annabi (SAW), a makarantunmu "damo" ake fassara ta. Amma dabbun Larabawa wani ƙadangaren hamada ne mai gajeriyar wutsiya mai ƙaya, kuma shi ganye da tsirrai yake ci. Namu damon da guza, Larabawa "waral" suke ce musu. Maganar hukuncin cin nama na bar wa malamai. Abin da nake so mai kiwo ya sani shi ne dabbobi biyu ne daban, cimarsu daban.

Yaran gida

Irin waɗannan dabbobi, har da kunkuru, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba. Tana fita a kashinsu, ta manne a fata da keji. A jikin mutum gudawa ce da zazzaɓi, a jikin jariri tana iya kai wa ga gadon asibiti. Saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru tun 1975, kuma hukumar lafiyarsu tana gargaɗin kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5.

A ranar da na je, yara bakwai na ƙirga sun taɓa damon nan. Ana kiran su cin abinci suka ruga suka zauna a faranti ɗaya, da hannu. Murfin kwalbar ruwansa kuwa a bakin randa ake cika shi.

Na san akwai mai cewa, jihar da ke fama da 'yan bindiga daga Batsari zuwa Jibiya, mutane na kwana da yunwa, wa ke da lokacin ƙadangare? Ni ma ina da 'yan uwa da suka bar gonakinsu, ban manta ba. Amma tausayi ba hatsi ba ne da za a ce in an ɗiba wa damo na mutum zai ragu. Kuma ina duban yaron ne kansa. Saurayin da ya saba ganin rai na ƙarewa a hannunsa yana ɗaukar hoto, ba na so ya saba.

Wanda ya nace sai ya kiwata

To ya yi shi da gaske. Ya manta da keji, ya nemi fili a bayan gida, inda rana ke sauka da hantsi kuma akwai inuwa da azahar. Ya zagaye shi da bulo, aƙalla ƙafa 8 a ƙafa 4, in ya fi haka ya fi kyau. A zuba kankare a ƙasa ko a nutsa ginin sosai, don damo gwanin tono ne, zai fita ta ƙarƙashi. A cika da ƙasa mai haɗin yashi da laka wadda rami zai tsaya a cikinta bai rufta ba, zurfin ƙafa 2, a riƙa yayyafa wa gefe ɗaya ruwa don ƙasan ta zauna da danshi ko da rani. A sa faffaɗan dutse a wurin rana, a sa kututture ko fasasshiyar tukunya a wurin inuwa, a sa kwano mai faɗi da zai iya shiga ya jiƙa jikinsa, a sauya ruwan kullum don a ciki yakan yi kashi. A rufe sama da raga mai ƙarfi saboda kyanwa da shaho, kada a rufe da kwano. Damo ɗaya a wuri ɗaya. Ƙwari masu rai, daga inda ba a feshi. In hunturu ya shiga ya shige rami ya daina fitowa, a ƙyale shi, kada a tono shi don baƙi su gani. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

Sannan ya sani likitocin dabbobinmu shanu da tumaki da dawaki da kaji suka fi sani, samun wanda ya saba duba ƙadangare sai an sha wuya. Ya kuma sani damon da aka kula da shi yana haura shekara 10. Ɗan aji biyar zai gama sakandare, ya tafi jami'a, ya tafi bautar ƙasa a wata jiha, damo na nan. Wa zai kama masa gyare? Na tambayi ɗan yayata wannan a gaban mahaifiyarsa. Ta ce, "Ni dai ba ni ba."

Abin da muka yi a ranar shi ne muka samo babban baho, muka cika shi da ƙasa, muka kifa fasasshen kasko a gefe, muka ajiye shi inda rabinsa ke rana rabinsa ke inuwa, muka hana yara zuwa. Da daddare ya kama gyare a gindin fitilar ƙofar gida. Washegari da hantsi ya kira ni a waya, ya ce damon ya fito ya baje a rana kusan awa guda, sannan ya cinye gyare huɗu.

A rana ta uku ya sake kira, murya ba daɗi. "Kawu, ya daina yarda da ni. Na kai hannu ya kumbura, ya zabge ni da wutsiya."

Na ce masa ya gode wa Allah, yau ne ya fara ganin damonsa da lafiya.

Ya nemo yaron mai buhu ya tambaye shi inda ya tono su. Ranar Asabar, bayan ruwan da aka yi da dare, muka hau mashin muka bi hanyar Ajiwa har gefen wata gonar gero da ke da tsohon suri a gindin kalgo. Shi ya karkata bahon da hannunsa. Damon ya tsaya yana zaro harshe, sannan ya ruga ya shige ƙarƙashin surin, ko waiwaye babu. Yaron bai yi magana ba har muka shigo gari.

Na abokan nasa biyu, ɗaya ya mutu a makon da ya wuce. Ɗayan yana nan a keji a kan baranda, an ce yanzu ƙwai ake dafa masa kullum. Na karɓi kwatancen gidan, gobe in Allah Ya kai mu zan je in gaida mahaifin yaron.